Ka Fara Daina Kyauta: Jagora Ga Ɗan Koyon Wasan Ces

Na haura shekara talatin da haihuwa kafin na san yadda doki yake tsalle a allon ces. A waya na koya, da daddare, bayan yara sun yi barci. Watannin farko makina ya yi ta hawa kamar farashin kaya a jajiberin salla, har na fara jin kaina. Daga nan ya tsaya cak. Kusan shekara biyu ina zagaye a wuri ɗaya: in ci uku a cinye ni uku, in tara maki hamsin ranar Asabar in zubar da sittin ranar Lahadi. Sai na ɗora laifin a kan buɗin wasa, kamar yadda kusan kowane ɗan koyo yake yi idan ya maƙale. Na ƙarar da data wajen kallon bidiyon tarkuna, na haddace taku goma sha biyar na wani salo, amma ban taɓa samun abokin karawar da ya bi ni har taku na shida ba.

Littafin rubutu irin na 'yan firamare ne ya farkar da ni. Na zauna na bi wasanni talatin na ƙarshe da aka cinye ni, a gaban kowanne na rubuta dalili a jimla ɗaya. Da na gama sai kunya ta kama ni. Waɗanda za a ce an fi ni dabara ba su wuce uku ba. Sauran duk kyauta na yi: na ajiye doki inda dakare zai ci shi, na bar hasumiya ba mai gadi, na ruga cin dakare na manta sarkina yana kulle a layin baya. Ni nake miƙa wasan da hannuna. Idan makinka yana ƙasa da 1500 a intanet, ina kyautata zaton ciwonmu ɗaya, kuma kai na rubuta wa wannan.

Tun da kowa da yadda yake kiran 'ya'yan wasan, ga sunayen da zan yi aiki da su: sarki, sarauniya, hasumiya, doki, giwa, da dakaru takwas da suke jere a gaba. Giwa ita ce mai tafiya a karkace; haka Larabawa suke kiranta tun zamanin shaɗaranji, wato tsohon ces, Rashawa ma haka. A lissafin ciniki dakare ɗaya ne, doki da giwa uku-uku, hasumiya biyar, sarauniya tara. Ka riƙe wannan lissafi kamar yadda mai shago yake riƙe farashi.

Gyara na farko ba a kan allo yake ba, a kan agogo yake. Wasan minti ɗaya ko uku, hannu baka hannu ƙwarya, yana da daɗi kamar gyaɗa, amma ba ya koyar da komai sai saurin maimaita kuskuren da ka riga ka iya. Gwanayen da kake gani suna buga shi a YouTube suna cin ribar dubban awoyin da suka yi suna tunani a natse ne. Kai ba ka tara jarin ba tukuna. Ka koma wasan minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, ko minti 30 idan kana da sarari. Wasa ɗaya ko biyu a rana ya isa. Kuma ka kashe lokacin. Mutumin da aka cinye shi a wasan minti 15 alhali agogonsa yana nuna saura minti 11, wasan gaggawa ya buga, sunan kawai ya sauya.

To me za ka yi da lokacin? Nan ne zuciyar al'amarin. Ɗan koyo yana kallon allo ne da ido ɗaya, idon abin da shi yake so ya yi. Dan Heisman, wani mai horarwa Ba'amurke da ya daɗe yana koyar da manya, ya raɗa wa wannan hali suna da za mu iya cewa wasan fata: ka tura ɗa, sannan ka zauna kana fatan babu abin da zai biyo baya. Maganinsa tambayoyi biyu ne, kuma ba a tsallake su ko da takun ya yi kama da na dole.

Ta farko, da zarar abokin karawa ya taka: me wannan takun ya sauya? Ɗan da ya motsa, wa yake hari yanzu? Gidan da ya bari fa, wace hanya ya buɗe? Wannan rabi na biyu shi ake yawan mantawa. Doki ya tashi daga gabanta, giwar da take laɓe a kusurwa tun taku na huɗu sai ga ta tana kallon sarauniyarka.

Ta biyu, bayan ka zaɓi takunka amma kafin yatsa ya taɓa gilashin waya: idan na yi wannan, wane cek zai iya ba ni, me zai iya ci, wace barazana zai iya kawowa? A wannan jerin, cek tukuna, sai ci, sai barazana, domin cek ne ba a iya kau da kai daga gare shi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka yi kama da hauka. Daƙiƙa goma sha biyar ne kawai. Kada ka ce ka wuce wannan matakin. A 2006 a birnin Bonn na Jamus, Vladimir Kramnik, yana riƙe da kambin duniya, ya natsu ya yi tunani, ya tura sarauniyarsa, kwamfutar Deep Fritz ta yi masa mat a taku ɗaya. Idan abin ya ci Kramnik, ba zai bar mu ba.

Akwai ƙaramar ɗabi'a da take tafiya tare da wannan. Lokacin da agogon abokin karawa yake tafiya, maimakon ka leƙa WhatsApp, ka ƙirga 'ya'yan da ba su da mai gadi, naka da nasa. Kusan duk dabarar da take cin ɗa a matakinmu daga nan take tasowa. Kafin musaya kuma ka ƙirga: nawa ne suke kai hari a gidan, nawa ne suke tsaronsa, wa zai ci na ƙarshe, da wane farashi. Idan aka bar maka dakare a sarari, ka tambayi dalili kafin ka kai hannu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma a wannan wasa sau da yawa dara takan ci gida.

Bayan wasa, musamman wanda aka cinye ka, kada ka danna sabon wasa. Na san ɗacin. Amma wasan da aka cinye ka shi ne darasin da ka riga ka biya kuɗinsa, asara ce ka tafi ka bar shi. Mikhail Botvinnik, zakaran Tarayyar Sobiyet wanda Karpov da Kasparov da Kramnik duk suka ratsa ta makarantarsa, ya dage ƙwarai a kan mutum ya riƙa binciken wasanninsa da kansa. Ga yadda nake yi. Da farko in bi wasan ba tare da inji ba, in nemo taku biyu ko uku da nake zaton nan ne ruwa ya ƙare wa ɗan kada, in rubuta abin da nake tunani a lokacin da abin da ya kamata in yi. Sai daga baya in kunna Stockfish, injin da shafin ces na Lichess yake bayarwa kyauta. Wanda ya fara kunna inji kallon amsa yake yi kafin jarabawa. Zai gyaɗa kai, gobe ya maimaita kuskuren.

Inji kuwa a san yadda za a saurare shi. Zai ce maka takunka ya rage maka kashi uku cikin goma na dakare. Wannan ba damuwarka ba ce. Ka nemi inda ma'aunin ya yi tsalle da biyu ko fiye, wato inda ɗa guda ya tafi ko aka rasa damar cin ɗa. Sannan ka rubuta dalilin da yaren mutane, ba da yaren allo ba. "Da na sa doki a f6" bai amfane ka ba, domin wannan yanayin ba zai dawo ba. "Ban duba takun baya na giwarsa ba," ko "na ga ina gaba sai na saki jiki," waɗannan su ne za su dawo. Bayan wasanni ashirin ka karanta shafukan a jere. Za ka tarar kurakuranka ba su da yawa, uku ne ko huɗu suke sauya riga. Nawa na farko shi ne ba na ganin ɗan da yake dawowa da baya. Na biyu, ina yin mafi munin takuna ne nan take bayan na ci wani abu.

Sai batun horar da ido. Tambayoyin can biyu ba za su yi aiki ba idan ido bai san kamannin haɗari ba. Kamannin kuwa ba su da yawa, kuma na ba su sunayen da suka fi zauna mini. Gwafa: ɗa ɗaya ya kai wa biyu hari lokaci guda, doki ne gwaninta. Turke: ɗa ya kasa motsi domin idan ya gusa na bayansa, wanda ya fi shi daraja, zai shiga uku. Tsire: kamar turke ne amma babban ne a gaba, ya kauce a soke na bayansa. Sai harin bayan labule, irin na giwar can da doki ya tashi daga gabanta, sai janye mai gadi, sai mat na layin baya, inda sarki yake shaƙewa a bayan dakarunsa uku.

Dalilin da ya sa maimaita waɗannan yake aiki sananne ne. Adriaan de Groot, masanin halayyar ɗan Adam daga Holan, ya gano a shekarun 1940 cewa abin da ya fi raba gwani da matsakaici ba zurfin lissafi ba ne, saurin gane takun da ya cancanci a lissafa ne. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka nuna wa 'yan wasa allo na 'yan daƙiƙoƙi suka ce su sake jera shi. Idan yanayin daga wasan gaske aka ɗauko shi, gwani yana yi wa ɗan koyo fintinkau. Idan an watsa 'ya'yan ne barkatai, tazarar sai ta kusa ɓacewa. Ashe ba ƙwaƙwalwa gwani ya fi mu ba, fuskokin da ya sani ne suka fi namu yawa, kamar yadda dillalin kara yake kallon sa sau ɗaya ya faɗi shekarunsa. Magabata ma sun san haka: gwanayen Bagadaza irin su as-Suli, sama da shekara dubu da suka wuce, suna tattara irin waɗannan kacici-kacici a littattafai, suna kiransu mansubat.

Wanda ya kai wannan hanya maƙura shi ne Michael de la Maza, wani Ba'amurke da ya shiga gasa yana babba. Cikin kamar shekara biyu ya tashi daga wajen maki 1300 zuwa sama da 2000 a ma'aunin hukumar ces ta Amurka, ya ci rukunin 'yan ƙasa da 2000 a gasar World Open ta 2001, ya fitar da littafi a 2002. Tsarinsa: kacici-kacici dubu, a warware su sau bakwai. Zagaye na farko cikin kwana 64, na biyu 32, sai 16, 8, 4, 2, na ƙarshe dubun gaba ɗaya a yini guda. Kwana 127 ke nan. Axel Smith da Hans Tikkanen, manyan gwanaye biyu daga Siwidin, sun fitar da makamancin wannan tsari a 2018. Sai dai akwai abin da masu yaɗa labarin de la Maza ba su cika faɗa ba: bayan nasarar ya daina buga gasa. Ni a ganina tsarin nasa na wanda ba shi da aiki ne ko iyali, kuma abin da aka yi wa ɗurar dole yakan fita daga rai.

Abin da mai neman abinci zai iya shi ne ya rage awon. Ka ware kacici-kacici 300 masu sauƙi, na taku ɗaya zuwa uku. Goma a rana, wata guda. Sai ka sake su cikin kwana 15, sannan 8, sannan 4. Masu sauƙi na ce, domin burin ba a gwada ƙarfinka ba ne, a sa gwafa ta riƙa tsone maka ido tun kafin ka neme ta. Lichess, wanda Thibault Duplessis na Faransa ya kafa a 2010, kyauta ne, ba talla, kuma ya rarraba kacici-kacicinsa bisa nau'i, sai ka ɗauki turke kaɗai ka yi mako a kansa. Sharaɗi ɗaya: kada ka taɓa ɗa sai ka ga amsar har ƙarshe a zuciyarka, haɗe da mafi kyawun martanin abokin hamayya. Mai dannawa ya ga ko za ta yi, wasan fata yake ƙara koya wa kansa.

Ƙarshen wasa shi ne abin da kowa yake ɗagawa zuwa gobe. José Raúl Capablanca na Kyuba, a littafin koyarwarsa na 1921, daga nan ya fara, kafin ya ce uffan a kan buɗi. Ba sai ka haɗiye kundi ba. Ka iya yin mat da sarauniya da sarki ba tare da ka kulle sarkin hamayya ya rasa taku ba, domin wannan kunnen doki ne, kuma babu kunnen dokin da ya kai shi ciwo. Ka iya yin mat da hasumiya da sarki, kana rage masa fili kamar mai kora akuya zuwa lungu. Sai abubuwa biyu na dakare.

Na farko, dokar murabba'i. Dakarenka yana a4. Zana murabba'i a zuci daga a4 zuwa a8, zuwa e8, zuwa e4. Idan sarkin hamayya zai iya shiga cikinsa a takunsa, zai kamo dakaren. Idan ba zai iya ba, ka tura kawai, sarauniya ta samu. Ba sai ka yi ta ƙirga da yatsa ba.

Na biyu, fuskantar sarakuna. Jera wannan a allo: sarkin Fari a e5, dakarensa a e4, sarkin Baƙi a e7. Gida ɗaya ne tsakanin sarakunan, kuma wanda taku ya faɗo kansa shi ne zai ba da hanya. Idan Baƙi ne zai taka, dole ya gusa, a ce d7, sai sarkin Fari ya shige f6 ya share wa dakarensa hanya har ya zama sarauniya. Idan Fari ne zai taka, duk inda ya nufa Baƙi zai tare gabansa, a tashi canjaras. Allo ɗaya, 'ya'ya ɗaya, bambancin kawai wa zai motsa. Ka buga shi da inji ta ɓangarorin biyu har ya zama jiki. Idan kana ganin ƙaramin abu ne, tuna da ranar 12 ga Disamba 2024 a Singafo. Wasa na 14, na ƙarshe, kowa ya sallama canjaras ne. A taku na 55 Ding Liren na Sin ya nemi musayar hasumiya, bai lura cewa giwarsa da take kusurwa ita ma za a tilasta musayarta ba. Aka bar sarakuna da dakaru. Gukesh na Indiya, ɗan shekara 18, ya ajiye sarkinsa a e5 yana fuskantar na Ding a e3, Ding ya miƙa hannu, kambin duniya ya sauya gida. Tun daga ranar, kafin in yi musayar manyan 'ya'ya na ƙarshe sai na tsaya na lissafa abin da zai rage.

Buɗi fa, da na ɓata shekara biyu a kansa? Kaɗan ya ishe ka. Dakare ɗaya ko biyu a tsakiya, a fito da dawakai da giwaye, a ɓoye sarki a gefen hasumiya kafin taku na goma, kada a motsa ɗa ɗaya sau biyu ba dalili, kada a fito da sarauniya da wuri. Da Fari, 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 zai riƙe ka shekaru. (A rubutun wasa N doki ne, B giwa, R hasumiya, Q sarauniya, K sarki, dakare ba shi da harafi.) Ka san tarkon da ake ɗana wa kowane sabon shiga: 1.e4 e5 2.Qh5 Nc6 3.Bc4, idan ka fito da doki f6 sarauniya ta ci f7, an gama. Ka tura dakare g6, shi ke nan, sai ka bi sarauniyar da ta fito yawo da kora. Idan kana son ganin amfanin fito da 'ya'ya da wuri, nemi wasan da Paul Morphy ya buga a gidan kallo na Faris a 1858. Taku 17 ne kacal. Ya ba da sarauniya ya yi mat da hasumiya da giwa, alhali hasumiya ɗaya da giwa ɗaya na abokan karawarsa ba su taɓa barin gidajensu ba.

Game da maki, ka rage kallonsa. A tsarin Arpad Elo, wanda hukumar FIDE ta ɗauka a 1970, wanda ya fi ka da 200 ana sa ran ya kwashi kusan uku cikin huɗu na sakamako. Saura ɗayan naka ne, don haka kada ka guji waɗanda suka ɗan fi ka, a wurinsu ake koyo. Makin Lichess da na Chess.com ba mudu ɗaya ba ne, kada ka yi gardama da aboki a kai. Hawa da sauka na hamsin ko ɗari ba labari ba ne. Ni dokata ita ce idan aka cinye ni sau biyu a jere, na rufe na yau. Tunde Onakoya ya yi awa 60 yana buga wasa a dandalin Times Square na New York a watan Afrilun 2024, amma shi kuɗin karatun yara yake tarawa. Ni awa huɗu da na taɓa yi ina neman ramuwa har kiran asalatu, maki ɗari da arba'in na zubar, na kuma makara wurin aiki.

Idan da hali, ka sayi allo na gaske, ko na leda ne, ka nemi wanda za ku riƙa zama da shi bayan la'asar ranar hutu. Idon da ya saba da waya yakan rikice a kan allo mai 'ya'ya a tsaye, ga kuma dokar taɓa-ka-motsa: ɗan da ka taɓa shi za ka tura. Ni sai da na koma zama a kan hannuwana. A irin wannan zama ne kuma, bayan wasa, abokin karawa zai ce maka, "Malam, da ka ci da hasumiya ai da na miƙa wuya," ku mayar da 'ya'yan ku gwada, abin da ba ka samu daga baƙon intanet.

Makina ya hau da kusan ɗari uku a shekarar da na bi wannan tsari, sannan ya sake tsayawa, a wani sabon wuri. Littafin rubutun yanzu na huɗu ne. Shafin daren jiya jimla ɗaya ce: ina gaba da doki guda, na saki jiki, giwarsa ta dawo da baya daga h6, ban duba ba.